Damin da Agali Yake Kawo Mini

Bana ruwa ya gwada mana halin nan nasa. Ya sauko da wuri kamar baƙon kirki, muka yi shuka, sai ya ɗauke ƙafa har kwana ashirin. Hatsi ya kai gwiwa ya tsaya, ganyensa ya nannaɗe kamar tabar tsofaffi. Da rana in ka taka yashi sai ka ji zafinsa har cikin ƙashi. Matasa sai duba waya suke, wai a ciki ake faɗin ranar da hadari zai taso. Ni kuwa mai ilimi ne mai zurfi, domin na yi lakkol, wato boko, a Tasawa har aji biyar kafin a kore ni bisa zalunci, wato don ban iya komai ba. Shi ya sa har yau ake ce mini Mushe Idi, Mushe irin na Faransanci da ake ce wa malamin lakkol, ba mushen dabba ba. Saboda haka hancina nake tambaya. Hancin ya ce ya san wannan warin, warin hatsin da ya fara ƙonewa a tsaye ne. Rabona da shi tun ina da haƙorana duka, shekarar da Agali ya zo garinmu.

Agali Buzu ne. Ya rasu a bazarar da ta wuce, kafin ruwan fari. Sama da shekara arba'in muna gari ɗaya, kuma da an tambaye ni bara, da na ce ba ni da aboki kamarsa. Yanzu ban san abin da zan ce ba.

A waccan shekara sau uku muka yi shuka. Ta fari ta fito ta mutu. Ta biyu iska ta binne ta. Ta uku da irin da ya rage a gindin tulu muka yi ta, ita ma ta yi kara ba ta yi kai ba. Mahaifinmu bai daɗe da rasuwa ba, wana Yaya Sanda ne ke riƙe da gandu, ni ina bin sa. Da kaka muka shiga gona da wuƙar girbi muka fito da ita a aljihu. Akuyoyi muka fara kaiwa kasuwar Kona, ɗaya bayan ɗaya, har aka kai ga akuya ba ta sayen abin da za a ci kwana uku. Daga nan sai dusa. Daga dusa sai busasshiyar tafasa. Daga tafasa sai anza, wadda mata ke jiƙawa kwana da kwanaki suna zubar da ruwan, amma ɗacinta na nan a maƙoshi har sallar la'asar. Maza suka watse, wasu Katsina, wasu Kano. Ni ban tafi ba, don Yaya Sanda na kwance, kuma matata Rabi na da ciki. Abin da na fi tunawa shi ne shirun hantsi. A garin Hausa hantsi na turmi ne. A shekarar nan kana iya tsayawa tsakiyar gari ka ji kukan jariri daga ƙarshensa.

Jaririn da aka fi ji namu ne, Laminu ɗan Yaya Sanda. An yaye shi dole, don nonon uwarsa ya ƙafe, kuma cikinsa ya ƙi anza.

Cikin haka mutanen arewa suka fara gangarowa daga wajen Isawan, dabbobinsu sun ƙare. Yawanci wucewa suka yi. Agali ya sauka ƙarƙashin aduwar yamma da gari da jaki ɗaya, da matarsa Minata, da ɗiya a goye mai suna Tima. Iyayengijinsa da garkensu ya mutu sun ce masa kowa ya nemi ta kansa. Shi ke nan, da kalma biyar aka 'yanta shi, ranar da babu abin ci. Mu kuwa ba mu yarda an 'yanta shi ba. Fatarsa irin tamu ce, ya ma fi ni haske kaɗan in za a yi adalci, amma muka ce bawa ne, ɗan bayi. A rijiya sai kowa ya gama yake jefa guga. Mu da ba mu da ko tsabar da za mu jefa wa kaza, muna da wanda muka fi.

Wata safiya na fita neman itace, na tarar da shi cikin fako yana share ƙarangiya da wani reshe yana tarawa a kan fata. Na tsaya na yi dariyar da na daɗe ban yi ba.

Na ce, "Kai Buzu, yunwa ce ta taɓa ka? Ko wando za ka ɗinka mata ta kama?"

Ya ɗago, rawani ya rufe masa baki, ya ce, "Gidanku ne yaron nan yake kuka?"

Na ce gidanmu ne.

"To kawo fatar nan, ka kama can."

Mu a wurinmu ƙarangiya abokiyar gabar ƙafa ce. Ashe a cikin kowace ƙaya akwai ƙwaya, ƙarama kamar idon tururuwa. Minata ta zo gidanmu da kanta ta nuna wa matanmu yadda ake daka ta a sheƙe, a sake dakawa a sake sheƙewa. Wuni guda na tara, hannuwa duk jini, ba ya wuce ƙoƙo biyu. Amma fari ne tas, kuma ba ɗaci. Ta dama kunu, ta ɗora Laminu a cinyarta, Tima na ɗaya cinyar, tana ba wannan tana ba wancan da ludayi ɗaya. Ranar aka ji turmi a gidanmu, maƙwabta suka leƙo ta kan danga.

Haka muka ci rani. Da asuba ni da Agali mu fita da jakinsa, mu yi nisa, don ta kusa mutanen gari sun koya sun share. Zafin bazara ya zo, irin wanda ke sa ka ga ruwa kwance a inda babu. Leɓe ya tsage. Mukan zauna a inuwar jakin, mu biyu, mu sha abin da Rabi ta dama mana a ƙwarya ɗaya, in ya kurɓa ya miƙo mini. A nan na fara ce masa bawana. Shi kuma yana ce mini Mushe. Ina tsokanar rawaninsa, ina tsokanar Hausarsa, yana murmushi da ido. Na ɗauka wasa ne irin na taubasai.

Ruwa ya zo wata ranar Talata da azahar. Gabas ta yi baƙi, iska ta kwanta, sai ƙanshin ƙasa ya bugi kowa. Tsofaffi suka fito suna kuka a fili. Yaya Sanda, da ya fara tashi, ya sa aka fitar da shi ya zauna a tsakar gida ruwa na dukansa. Aka kawo irin taimako daga Tasawa, ana kiran suna daga takardar masu biyan haraji. Sunan Agali ba ya ciki. Ya tsaya nesa yana riƙe da igiyar jakinsa har aka watse, da yamma kuma ya zo ya kama mana shuka, yana sara da sungumi muna bin sa da iri, don mu ƙafafunmu ba sa ɗaukar mu.

Da aka zo noman fari muka kira gayya. Haiwa ta jeru daga wannan iyaka zuwa waccan, maza duk ƙashin haƙarƙari a waje, amma ana ihu. Da rana ta take aka kawo fura, 'yar tsararo, aka ajiye babbar ƙwarya a inuwa. Sai wata tsohuwa ta ɗebi kaɗan a wani ƙoƙo mai ɗinki ta ajiye can gefe, ta ce, "Ga na Buzu." Agali ya tashi ya koma wurin ƙoƙonsa. Ni ina zaune a babbar ƙwarya, ludayi a hannuna. Wata biyar muna sha baki ɗaya da mutumin nan. Na ɗaga murya na ce, "Bawana, in ka rage ka kawo wa ubangidanka!" Aka fashe da dariya. Har na ji daɗin yadda maganar ta fita.

Bayan gayyar ne Yaya Sanda ya kira shi, ya kira ni, muka taka har jigawar yamma, wani yanki na gandunmu da muka bari ya huta. Ya nuna masa daga aduwa har bakin hanyar shanu. Ya ce, "Agali, ɗana yana raye saboda gidanka. Wannan taka ce. Kyauta ce, ba aro ba. Ka shuka abin da kake so, ka bar itacen da kake so. Idi, ka ji?" Na ce na ji, kuma na yarda. Daga mu uku sai Allah. Ni mai lakkol ban ce a rubuta ba, ga kaye ga bik, littafi da biro, a cikin akwatina.

To, ga abin da kowa ya sani a ƙasarmu. In an ba ka aron gona, kowace kaka kana kai wa mai ita dami ɗaya, don kada a manta ta wane ce. Kuma ba ka barin itace ya girma a cikinta, don itace shaidar mallaka ne. In kyauta ce, ba dami, kuma itace sai wanda ka ga dama.

Kakar farko Agali ya shigo gari da dami a ka, ya sauke a ƙofar gidanmu. Yaya Sanda ya fito ya yi masa faɗa, ya ce maza ya ɗauke. Ni kuwa na ga abin wasa ya samu. Na ce, "Haba Yaya, bawa ya kawo gaisuwa a kore shi? Kawo nan, Buzu, Allah ya yi maka albarka, baɗi ka ƙara masa kauri." Na ɗauka na shigar. Da Yaya Sanda ya rasu, damin ya dawo ƙofata. Kowace kaka sai na sa tabarma a waje ina jira, in na hango shi in tashi in yi shela: "Jama'a ku ba da hanya, ga bawan Mushe Idi da haraji!" Yara su bi shi, mata su yi guɗa don tsokana. Ya sauke, mu sha shayi, ya tafi. Ni a raina godiya ce yake yi, kuma ba a mayar wa mutum godiyarsa. Damin ma sau da yawa Rabi na sussuke shi ta aika wa Minata rabi.

Shekarun baya da aka koma barin gawo a gonaki, kowa ya bar nasa, gari ya yi duhu da itace. Gonar Agali kaɗai ce tas kamar kan jariri. Duk tsiron da ya leƙo sai ya sare. Wannan ma na samu abin faɗi. "Ɗan hamada, inuwa ce take ba ka tsoro?" Ya ce, "Haka na saba, Mushe."

Sai ga bana. Agali ya rasu, Minata ta riga shi. Tima, wadda mijinta ya rasu ta dawo gidan ubanta da ɗiya huɗu, ta fita shuka bayan ruwan fari, ta tarar an kafa turaku a gonar. Laminu ne. Yanzu shi ne babba a gidan Yaya Sanda, da tumbi da babur, yana son ya zuba aya a jigawar. Ta kai ƙara gun maigari, aka sa ranar Juma'a. Laminu ya zo mini da goro.

Ya ce, "Baba Idi, ba sai ka wahala ka zo ba. Magana ce a fili. Aro ne, mai aro ya rasu."

Na ce, "In kuma kyauta ce fa?"

Ya yi dariya. "Baba ke nan. Yaushe bawa ya yi gona a garin nan? Ai kai da kanka kake karɓar damin."

Na karɓi goron, Allah ya gafarta mini, har na ci. Kwana shida ina jinyar ƙafar da ba ta ciwo. Ranar Juma'a Rabi ta ajiye mini takalmana a bakin ƙofa, ta ce, "Malam, shekara arba'in bakin nan bai huta ba. Yau ne zai yi azumi?" Na ce ƙafata. Ta ce, "Ai ba da ita za ka yi magana ba."

An taru a inuwar itacen bedin ƙofar maigari bayan an sauko daga masallaci. Ba iska, kowa na fifita da hula. Tima na durƙushe can gefe ita kaɗai, daidai irin nisan da aka ajiye ƙoƙon ubanta. Laminu ya gama bayani, dattawa na gyaɗa kai. Na miƙe.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ina wurin. Yaya Sanda ya ce kyauta ce, ba aro ba. Da kunnena na ji, da bakina na yarda. A kawo Alƙur'ani in dafa."

Laminu ya ce, "Baba, tsufa ne. Don baiwa za ka tozarta gidanku?"

Na ce, "Kai Laminu, tumbin nan da kake turo mana, harsashinsa ƙarangiya ce. Uwar wannan da kake kira baiwa ita ta ɗura maka a cinyarta, kai da ita ludayi ɗaya. Ba don ita ba da yanzu ba mu ma tuna inda muka binne ka ba. Kuma ba baiwa ba ce. Ubanta ma ba bawan kowa ba ne. Ni na riƙa faɗi, ƙarya nake yi."

Wasu suka yi dariya don sun saba in na buɗe baki a yi. Da suka ga fuskata suka bari.

Maigari mutumin kirki ne, amma ya tambaye ni abin da dole ya tambaya. "Mushe Idi, damin nan an kawo ko ba a kawo ba?"

"An kawo."

"Ka karɓa?"

"Na karɓa, amma wasa ne."

"Wa ya taɓa ganin itace a gonar?"

Ba wanda ya taɓa gani. Maigari ya ce shaida ɗaya ba ta ture abin da gari duka ya gani shekara da shekaru, ba kuma zai sa tsoho ya yi rantsuwa a kan ɗan wansa ba. Gona ta koma gandu. Wato da bakina na gina wa Laminu hujja, kaka bayan kaka, har da guɗa.

Abu ɗaya ya rage mini. Jigawar ba a taɓa raba ta tsakanina da Yaya Sanda ba, saboda haka rabinta nawa ne. Na ce a raba yau. Aka ja igiya, aka ba ni ɓangaren aduwa. Ranar Litinin na hau amalanke ni da Tima muka tafi meri, ofishin magajin gari. Na karɓi bik na rubuta da hannuna, "Je soussigné Idi," iyakar Faransancin da ya rage mini ke nan, sauran sakatare ya ƙarasa. Na sa ya karanta mini sau biyu wurin da aka ce kyauta, aka buga hatimi. Ɗiyana maza sun yi fushi. Laminu ya daina gaishe ni, in ya hango ni sai ya ƙara wa babur wuta. Tima ta samu rabin abin da yake nata duka, ta kuma yi shuka a makare.

Shekaranjiya da ruwa ya dawo na taka har can. Tana noma ita da manyan ɗiyanta, hatsinsu bai wuce taƙi ba, na maƙwabta ya kusa ƙugu. Na zauna a gindin aduwa ina kallo. Sai na ga ta kai kan wani ɗan tsiron gawo, ta ɗaga haiwa.

Na ce, "Ke Tima, bar shi! Ku dai Buzaye da itace..." Na kama bakina, amma maganar ta riga ta fita.

Ta dogara da haiwar ta dube ni. Ba fushi a fuskarta, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi.

Ta ce, "Baba Idi, babana yana son itace. Akwai wani gawo da ya bari har ya kai kafaɗata, sa'an nan ya sare shi ya zauna a wurin har yamma. Ya ce in ya girma za a ce Buzu ya yi ƙafa, a karɓe gonar tun muna ƙanana."

Na ce, "Ai an ce masa kyauta ce. Ina wurin."

"Ya sani. Ya ce Baba Sanda da gaske yake. Amma ranar da ya kai damin fari, gwaji ya yi. Ya ce in an mayar masa, to tasa ce. Sai ka karɓa."

Na ce, "Wasa ne, ɗiyata. Shi ma yana dariya."

Ta ce, "Ka taɓa jin ya rama?"

Na zauna ina lalube cikin shekara arba'in, kaka bayan kaka, shayi bayan shayi, ko zan samo rana ɗaya da Agali ya tsokane ni. Taubashi ai ramawa yake yi, in ka ce masa ɓarawo ya ce maka maye. Ban samu ba. Mushe kawai yake ce mini, kuma ina jin shi kaɗai ne a garin nan da yake faɗinta ba da ba'a ba.

Ta ce, "Duk ranar kai dami ba ya cin abinci. In ya dawo sai ya ce mana, Mushe mutumin kirki ne, bai sani ba ne."

Ta koma kan aikinta. Ta tsaya a kan ɗan gawon, haiwa a sama, ta daɗe, sa'an nan ta kewaye shi ta wuce. Da na miƙe zan tafi ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Baba Idi, bana ba dami."

Na ce, "Ko zangarniya."

Ban san ko hatsin nata zai nuna kafin ruwa ya ɗauke ba. Kullum da safe ina fita in shaƙi iska in duba gabas, kamar gonar tawa ce. Tabarmar da nake shimfiɗawa a ƙofa da kaka kuwa, jiya Rabi ta tambaye ni ko ta fito da ita ta sha iska, don lokaci ya kusa. Na ce ta bar ta inda take.